Shirun Taro Ba Amincewa Ba Ne: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Matsin Jama'a ke Juya Shawara

Kusan kowa ya san irin wannan zaman. Shugaba ya faɗi abin da yake gani, mutum biyu na kusa da shi sun gyaɗa kai, aka ce "akwai mai gyara?", ɗaki ya yi tsit, magatakarda ya rubuta cewa baki ya zo ɗaya. Ana tashi sai ka ga mutane biyu-biyu a bakin ƙofa, kowa na cewa, "Ni fa dama ban gamsu ba." Tambayoyin da ke ƙasa suna bin diddigin wannan abu ne: yadda masu hankali ke haɗuwa su yanke hukuncin da da yawansu ba su yarda da shi ba, da abin da za a iya yi a kai.

Me ake nufi da matsin jama'a a wurin shawara? Ai ba wanda aka tilasta wa.

Galibi kam ba a tilasta wa kowa, shi ya sa abin ke da wuyar kamawa. Babu barazana, babu tsawa. Kallo ne kawai, ko shirun da ke biyo bayan maganarka, ko ganin cewa duk waɗanda suka riga ka magana sun nufi gabas kai kaɗai kake hangen yamma.

A 1955 masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Morton Deutsch da Harold Gerard, sun raba abin gida biyu. Akwai wanda ke bin jama'a saboda yana zaton sun san abin da bai sani ba. Wannan ra'ayinsa ne ya canza da gaske. Akwai kuma wanda ya san abin da ya sani, amma ba ya so ya zama saniyar ware, sai bakinsa ya bi su zuciyarsa na gefe. A zama na gaske su biyun kan cakuɗe a zuciyar mutum ɗaya, har shi kansa ya kasa tantance ko gamsuwa ya yi ko kunya ya ji.

Da gaske mutum zai iya ƙaryata idonsa don kawai wasu sun faɗi wani abu daban?

Wannan ita ce tambayar da Solomon Asch ya gwada a Amurka a farkon shekarun 1950. Za a shigo da ɗalibi ɗaki, ya tarar da wasu shida ko bakwai a zaune, a ce musu gwajin gani za a yi. Sai a ɗaga kati biyu. Ɗaya na ɗauke da layi guda, ɗayan na da layuka uku masu tsayi daban-daban. Tambayar: wanne daga cikin ukun ne daidai da na farkon? Bambancin a bayyane yake, yaro ma zai gane. Da aka sa mutane su amsa su kaɗai, kuskurensu bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Abin da ɗalibin bai sani ba shi ne duk sauran na ɗakin an haɗa baki da su, kuma an zaunar da shi ne inda zai yi magana kusan a ƙarshe. Zagaye na farko da na biyu kowa ya faɗi daidai. A na uku sai na farko ya zaɓi layin da ya fi gajarta a fili, fuskarsa ko gezau. Na biyu ya maimaita. Na uku ma haka. Kafin a zo kan ɗalibin ya soma matse ido, yana leƙo da kai gaba, yana murmushin yaƙe. A zagaye 18 da ake yi, 12 ne ake shirya wannan amsar ƙaryar.

Sakamakon: kimanin kashi 37 cikin 100 na amsoshin da aka bayar a waɗannan zagayen sun bi kuskuren jama'a. Kusan mutum uku cikin huɗu sun miƙa wuya aƙalla sau ɗaya. Ana yawan manta ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a manta ba: kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su taɓa sallamawa ba ko sau ɗaya, kuma yawancin amsoshin gaba ɗaya daidai ne. Saboda haka ba a ce mutane ba su da ra'ayin kansu ba. Abin tsoron shi ne wannan ya faru a kan tsayin layi, a gaban baƙin da ba za a sake haɗuwa da su ba, babu albashi ko matsayi da ke cikin haɗari. To ina ga zaman da maigidanka ne ke jagoranta, kuma batun ba mai sauƙin aunawa ba ne?

Sai mutane sun yi yawa ne matsin ke aiki?

A'a. Asch ya gano cewa idan mutum ɗaya ne ya saɓa maka, da kyar yake girgiza ka. Biyu sun fara tasiri. Da sun kai uku ko huɗu, matsin ya kusa kai ƙarshen ƙarfinsa, ƙarin mutane ba ya ƙara wani abin kirki.

Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne haɗuwar baki. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya, bin kuskure ya faɗo ƙasa warwas, zuwa kusan kashi 5 cikin 100. Har da wanda ya saɓa wa jama'a ta hanyar ba da wata amsar kuskuren ta daban, shi ma ya rage matsin, domin ya nuna cewa saɓawa abu ne mai yiwuwa. A ganina wannan shi ne mafi amfanin abin da aka taɓa ganowa a wannan fanni. Wanda ya fara cewa "ni ban ga haka ba" ba kansa kawai ya yi wa aiki ba, ya kwance wa mutum uku ko huɗu baki a ɗakin.

An ga irin haka a gwajin Stanley Milgram na Jami'ar Yale, inda kashi 65 cikin 100 suka bi umarnin mai bincike har ƙarshe wajen danna abin da suka zaci wutar lantarki ce ga wani mutum. Da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi ci gaba a gabansu, kashi 10 ne kacal suka kai ƙarshe.

Amma ai an ce shawara ɗaukar ɗaki. Kai da yawa bai fi kai ɗaya ba?

Ya fi, amma da sharaɗi. A 1906 Francis Galton ya halarci wata kasuwar baje kolin dabbobi a Plymouth ta Ingila, inda aka yi gasar ƙiyasta nauyin naman wani sa. Ya karɓi takardun mutum 787 ya lissafa. Nauyin gaskiya laba 1,198 ne, matsakaicin ƙiyasin jama'a kuwa ya kama 1,197. Wannan ya zarce, wancan ya gaza, kurakuran suka share juna.

Sirrin shi ne kowa ya rubuta nasa a takardarsa. Da an jera su ne wani fitaccen mahauci ya fara faɗin nasa da ƙarfi, da sauran sun taru kusa da shi, kuma da kuskurensa ya zama na kowa. Masu bincike a Zurich ta Suwizalan sun gwada wannan a 2011: da aka riƙa nuna wa mutane ƙiyasin juna, amsoshinsu suka matso kusa da juna, amma ba su ƙara kusantar gaskiya ba. Abin da ya ƙaru shi ne tabbacin da suke ji. Mutum goma da suka saurari juna kafin su yi tunani, a zahiri ra'ayi ɗaya ne aka ƙirga sau goma.

Idan mutane da yawa ba su yarda ba, me ya sa ba wanda ke magana?

Saboda kowa yana karanta fuskar kowa, kuma kowa ya ɓoye tasa. A 1968 Bibb Latané da John Darley sun zaunar da ɗalibai suna cike takarda, sai aka fara turo hayaƙi ta wata kafa a bango. Wanda ke zaune shi kaɗai, kashi 75 cikin 100 sun tashi sun kai rahoto. Wanda aka haɗa da mutum biyu da aka umarta su yi kamar ba su ga komai ba, kashi 10 ne kawai suka motsa. Sauran suka zauna suna tari, suna kore hayaƙi da hannu, suna ci gaba da rubutu. Ko da aka haɗa ɗalibai uku da babu ɗan haɗin baki a cikinsu, rahoton bai wuce kashi 38 ba.

Haka abin ke tafiya: na ga abin damuwa, na saci kallonka, na ga ka natsu, sai na ce ƙila ba komai ba ne. Kai ma a daidai lokacin ni kake kallo. Natsuwar da na ƙaƙalo don kada in ji kunya ita ce hujjarka, taka kuma ita ce tawa.

Wannan kan kama al'umma sukutum. Masanin tattalin arziki Timur Kuran ya yi bayanin rushewar gwamnatocin gurguzu na Gabashin Turai a 1989 ta wannan fuskar: shekara da shekaru mutane na yabon tsarin a fili suna ƙinsa a ɓoye, kowa na zaton masu irin ra'ayinsa 'yan kaɗan ne. Da wasu suka fito titi, sai wasu suka ga ashe ba su kaɗai ba ne, abin ya zube cikin watanni, ya ba har masana mamaki.

Wannan ba matsalar marasa ilimi ba ce? Ƙwararru ma na faɗawa?

Suna faɗawa, wani lokacin ma fiye da kowa, domin sun yarda da juna kuma suna da martabar da suke karewa. Irving Janis na Jami'ar Yale ya yi nazari a 1972 kan manyan kurakuran gwamnatin Amurka. Babban misalinsa shi ne harin da aka kai Kyuba a Afrilun 1961, lokacin da gwamnatin John Kennedy ta tura 'yan gudun hijirar ƙasar kimanin 1,400 su kifar da Fidel Castro. Cikin kwana uku aka murƙushe su, aka kama fiye da 1,100. Waɗanda suka amince da shirin suna cikin haziƙan Amurka. Wasunsu na da shakku, ciki har da masanin tarihi Arthur Schlesinger, wanda daga baya ya zargi kansa da yin shiru a zaman.

Janis ya lissafa alamomin irin wannan rukuni: jin cewa ba za su taɓa faɗuwa ba, raina abokin gaba, kowa na danne shakkunsa, ɗaukar shiru a matsayin yarda, da kuma samun wasu da ke naɗa kansu masu gadin shugaba, suna tare duk labarin da zai ɓata masa rai.

Labarin kumbon Challenger ya fi taɓa zuciya, domin a nan an yi maganar, aka danne ta. Daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin Morton Thiokol, kamfanin da ya ƙera rokokin kumbon, ciki har da Roger Boisjoly, sun gaya wa NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta wayar tarho cewa kada a harba kumbon da safe. Zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin yana ƙanƙarewa a sanyi, kuma ba a taɓa harbi a sanyin da ake hasashe ba. Jami'an NASA suka nuna ɓacin rai, ɗaya ya tambaya ko so ake ya jira har watan Afrilu. Shugabannin kamfanin suka nemi a ba su 'yan mintoci su tattauna a tsakaninsu. A nan ne aka ce wa mataimakin shugaba mai kula da injiniyoyi ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Manajoji huɗu suka yanke hukunci ba tare da injiniyoyin ba. Da aka dawo kan waya aka tambaya ko akwai mai ja, ba wanda ya tanka. Washegari, daƙiƙa 73 bayan tashi, kumbon ya tarwatse da mutum bakwai a ciki.

Masana sun yi ta muhawara kan ko bayanin Janis ya isa ya fassara irin waɗannan abubuwa. Diane Vaughan, wadda ta yi dogon nazari kan Challenger, ta nuna cewa tushen ya fi dare ɗaya zurfi: an daɗe ana ganin lahani a zoben, kumbo na dawowa lafiya, har lahanin ya zama abin da aka saba da shi. Wannan ma wani nau'in bin jama'a ne, mai tafiya sannu a hankali.

Ba tattaunawa ce ke kawo matsakaicin ra'ayi ba?

Sau da yawa akasin haka ke faruwa. Tun binciken James Stoner na 1961, da na Serge Moscovici da Marisa Zavalloni na 1969, an ga cewa idan masu karkata ɓangare ɗaya suka tattauna, suna tashi da ra'ayin da ya fi tsauri fiye da wanda suka shigo da shi. Kowa ya ji sabbin hujjoji masu goyon bayan abin da dama yake so, kuma kowa na son a ga ya fi kishi.

Akwai wata matsalar da ta fi ɓoyuwa. A 1985 Garold Stasser da William Titus sun raba wa mutane bayanai kan 'yan takara, aka tsara yadda sai an haɗa abin da kowa ya sani shi kaɗai ne za a gane wanda ya fi cancanta. Rukunonin suka ƙare lokacinsu suna maimaita abin da kowa ya riga ya sani. Faɗin abin da kowa ya sani yana jawo gyaɗa kai, faɗin abin da kai kaɗai ka sani kuwa yana jawo tambayoyi. Dalilin kiran taron shi ne a ji abin da ke wurin kowa, amma shi ne abin da ya fi wuyar fitowa.

Wasu al'ummomi sun fi wasu bin jama'a?

Akwai bambanci. A 1996 Rod Bond da Peter Smith sun tattara gwaje-gwaje 133 irin na Asch daga ƙasashe 17, suka ga bin jama'a ya fi yawa a inda ake fifita zaman tare a kan ra'ayin mutum ɗaya, kuma ya ragu a Amurka tun shekarun 1950. Amma babu ƙasar da aka nema aka rasa shi.

To duk bin jama'a aibu ne?

Ko kaɗan. Ba don shi ba da babu layi, babu dokar hanya, babu harshe ma. Baƙon da ya kwaikwayi 'yan gari ya yi hankali. Kawaici da kara su ke riƙe zumunci, kuma rukunin da kowa ke ja da kowa a kan komai ba ya ƙulla abin kirki. Matsalar na tasowa ne a wuri ɗaya takamaimai: lokacin da ake tattara ra'ayi don a gano gaskiya. Bayan an yanke hukunci, haɗa kai a aiwatar abu ne mai kyau. Kafin a yanke, haɗin kan da ya zo da wuri asara ce.

Mutum ɗaya ko biyu za su iya juya rinjaye?

Suna iyawa, amma da wuya kuma da tsada. A gwajin Moscovici na 1969, an nuna wa rukunin mutum shida hotuna masu launin shuɗi, biyu daga cikinsu suka dage cewa kore ne. Da suka tsaya kan magana ɗaya, kimanin kashi 8 cikin 100 na amsoshin sauran sun bi su. Da suka riƙa canza baki, tasirin ya kusa ɓacewa. Dagewa ce makamin 'yan tsiraru.

Tsadar kuwa Stanley Schachter ya nuna ta tun 1951: wanda ya ƙi bin rukuni, da farko kowa na juyowa kansa don a shawo shi, in ya ƙi sai a fara daina kula shi, a ƙarshe a zaɓe shi a matsayin wanda za a cire. Shi ya sa ba na jin daɗin nasihar da ke tsayawa a "ka yi ƙarfin hali". Tsarin da ke buƙatar jarumi kafin gaskiya ta fito, shi ne ke da gyara.

Ni ne ke jagorantar zama. Me zan canza?

Ka yi magana a ƙarshe. Da ka nuna inda ka karkata, ko da da fuska ne, abin da za ka ji bayan nan amshi ne. Tsohuwar dokar kotun Yahudawa ta Sanhedrin ta tanadi cewa a shari'ar kisa ƙananan alƙalai ne ke fara faɗin ra'ayi, don kada girman manya ya rufe musu baki. Kennedy ma ya ɗauki darasi: a rikicin makamai masu linzami na Kyuba a Oktoban 1962, yakan bar wasu zaman mashawartansa su yi muhawara ba ya nan.

Sannan ka sa kowa ya rubuta ra'ayinsa kafin a buɗe baki. Minti biyar ya isa. Asch da kansa ya ga bin jama'a ya ragu sosai da aka bar mutum ya rubuta amsarsa a ɓoye, kuma hikimar ƙuri'ar sirri ke nan, wadda aka soma amfani da ita a wasu yankunan Ostireliya a 1856, Birtaniya ta ɗauka a 1872. Ka daina tambayar "kowa ya yarda?", domin amsarta shiru ce. Ka kira mutum da sunansa ka ce, "Malama, me kika sani game da wannan da ba a ambata ba?" Wata dabara ta masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ita ce a ce wa mutane su ƙaddara shekara ta wuce, shirin ya rushe, kowa ya rubuta dalilin rushewar. Sai neman aibu ya zama aikin da aka ba kowa, ya daina zama cin fuska.

Mafi nauyi duka shi ne abin da kake yi wa wanda ya kawo maka labari mara daɗi. Kowa a ɗakin na kallo. In ka yanke shi ko ka haɗe rai sau ɗaya, ka koya wa mutum ashirin yin shiru.

Idan aka naɗa wani ya riƙa suka da gangan fa?

Yana ɗan taimakawa, amma binciken Charlan Nemeth ya nuna bai kai saɓani na gaskiya ba. Kowa ya san wasa yake yi, sai a saurare shi da murmushi, a tashi ana jin an duba kowane ɓangare. Gara a nemo wanda da gaske bai yarda ba, a ba shi kujera da lokaci.

Ni ƙarami ne a wurin. Ta yaya zan yi magana ba tare da na jawo wa kaina ba?

Harkar jiragen sama ta koyi wannan da jini. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na Sifaniya, wani jirgin kamfanin KLM ya fara gudun tashi cikin hazo alhali jirgin kamfanin Pan Am na kan titin. Injiniyan jirgin ya yi tambaya a takaice ko ɗayan jirgin ya kauce, kyaftin ya amsa da tabbaci, ba a sake tayar da maganar ba. Mutum 583 suka mutu. Bayan wannan da wasu haɗurran, kamfanonin jirage suka fara horar da ma'aikata kan yadda na ƙasa zai faɗa wa na sama damuwarsa kai tsaye: ya kira shi, ya faɗi abin da ya gani, ya faɗi abin da yake tsoro, ya kawo shawara, ya nemi amsa. Asibitoci da dama sun kwaikwayi tsarin.

Za ka iya aron wannan. Ka yi magana da wuri, kafin manya su ɗaure kansu da matsayi a bainar jama'a, domin janyewa bayan nan na da ciwo. Ka ɗora maganar a kan abin da ka gani: "Ranka ya daɗe, alƙaluman watan jiya sun nuna kaza, ina tsoron kaza." Inda ja kai tsaye zai yi nauyi, tambaya na buɗe ƙofa: "Idan kuɗin bai shigo a kan lokaci ba, me za mu yi?" Kafin zaman, ka tuntuɓi mutum ɗaya ko biyu ka ji ko suna da irin damuwarka. In kuma wani ne ya riga ka ɗaga hannu, kuma ka san yana da gaskiya, kada ka jira sai an fita ka same shi a bakin ƙofa. Ka ce "ni ma ina da wannan damuwar" tun ana zaune, kafin magatakarda ya rubuta.